Mai taɓin hankali ya birkice, an kira 'yan sanda: daga nan sai ina?

Lauya_Zazzau
Assalamu alaikum. Tun da Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta kori tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, duk taron bitar da aka kira magana ɗaya ce: a horar da 'yan sanda. Kuma kullum misalin Memphis ta Amurka ake ɗaukowa. A 1987 'yan sandan birnin suka bindige wani matashi, Joseph Robinson, da ke yankan jikinsa da wuƙa, alhali mahaifiyarsa ce ta kira su neman taimako. Shekara na zagayowa aka kafa tsarin da ake kira CIT, wato horon awa 40 ga 'yan sandan da suka ba da kansu, ba waɗanda aka tilasta wa ba.

Ni dai ina ganin mun kama reshe mun saki tushe. Ko ɗan sanda ya yi awa 400 a aji, in ba shi da inda zai kai mutumin da ƙarfe goman dare, bayan kanta zai kwana. To ga tambaya ga masana: mutum ya birkice a bakin kasuwa, adda a hannu, an kira 'yan sanda. Me ya kamata a yi daga isowarsu har zuwa miƙa shi, kuma wa za a miƙa wa?

TsohonSufeto
Wa alaikumus salam Barista. Kada a raina horon tukuna, don mintoci biyar na farko su ke raba wanda zai kwana asibiti da wanda zai kwana mutuware. Abin da ake koya wa kurtu na kama mai laifi ne: matso da sauri, ɗaga murya, ba da umarni, in ya ƙi ka sa ƙarfi. Ga wanda ke jin ana masa magana a cikin kai, kowanne daga cikin huɗun nan ƙara birkita shi yake.

A kashe jiniya tun daga nesa, mota ta tsaya can baya. Aikin farko ba mara lafiyar ba ne, taron jama'a ne. Mutum biyu su tura mutane baya, su kori yaran da ke jifa da masu ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo. Mutum ɗaya tak zai yi magana, sauran su ja bakinsu. In babu makami, a bar tazarar tsawon hannu biyu. In da wuƙa ko adda, kada a matso ƙasa da mita 7, kuma a sa wani abu a tsakani, mota ko teburin mai shayi. Kada a yi masa zobe, a bar gefe ɗaya da zai ga sarari, don wanda ya ga an kewaye shi kan wanda ya fi kusa yake afkawa. Mai bindiga ya tsaya baya, bakinta na kallon ƙasa, kada a ɗana ta a kunnensa.

Mai maganar ya faɗi sunansa, ya tambayi nasa, gajeruwar magana, sannan ya jira. Irin wannan mutum kan jima kafin ya amsa, sai ɗan sanda ya ɗauka taurin kai ne ya maimaita da tsawa. Nan ake ɓata komai. Muddin ba ya kai wa kowa sara, tsayuwar awa biyu ba asara ba ce.

Hajiya_Nas
Yallaɓai ya yi bayani. Ƙari biyu. In ya ce ana bin sa za a kashe shi, kada ka ce ƙarya ne, kada kuma ka ce kai ma ka gan su. Ka ce, "Na ga a tsorace kake, ni na zo ne kada kowa ya taɓa ka." Kuma kada a yi masa ƙarya, irin a ce zo mu je ka ci abinci sai ya tsinci kansa a mota da ankwa. Yau za ta yi, amma in ciwon ya sake tashi ba zai ƙara saurarar mai kaki ba.

Na biyu, wani ya ja dangi gefe ya tambaye su: yana shan magani, yaushe ya daina? Kwana nawa bai yi barci ba? Ya sha wani abu yau? Wa yake jin maganarsa, da wa kuma yake faɗa? Sau da yawa wanda ya fi zaƙewa a wurin, yaya ko kawu, shi ne wanda ya kamata a janye daga idonsa. A ce su ɗauko katin asibiti ko da fankon kwalin maganin ne.

Likitan_Ƙwaƙwalwa
Kafin a yi nisa, kuskuren da ya fi kisa shi ne a ɗauka duk wanda ya birkice taɓin hankali ne. Da yawa ciwon jiki ne ya hau kai, kuma su ne ake samu gawa a sel da asuba.

Mai ciwon sukari da ke kan insulin ko ƙwaya, in sukarinsa ya faɗi ƙasa da 70, zai yi gumi, ya yi karkarwa, ya yi zagi, ya kai duka, kamar wanda ya bugu. In yana iya haɗiya, cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa ko lemon kwalba mai zaƙi na dawo da shi cikin minti 15. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai, huhu zai tafi. Mai farfaɗiya bayan ya farfaɗo yakan yi mintoci, wani lokaci har rabin awa, bai san inda yake ba, in ka riƙe shi sai ya yi kokawa. Ba a sa masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe, in jijjigar ta wuce minti 5 a yi asibiti. Sai zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sai sanƙarau lokacin zafi, sai wanda ya bugu a kai a hatsarin babur jiya yau ya fara sambatu, sai mai tiramol, wanda shi ma yana jawo jijjiga.

Ɗan sanda ba likita ba ne, amma zai iya riƙe alamu biyar: abin ya zo ne farat ɗaya cikin awoyi ko kwana ɗaya biyu, jiki da zafi, bai san gari ko rana ba, yana gyangyaɗi yana farkawa, ko akwai rauni a kai. In an ga ko ɗaya, sashen gaggawa na babban asibiti za a nufa, ba asibitin ƙwaƙwalwa ba, balle caji ofis. Mai taɓin hankali na asali yawanci ya san sunansa da inda yake, tunanin ne ya karkace.

Kwamandan_Sintiri
Duk kuna magana kamar ɗan sanda ne ke fara zuwa. A unguwanninmu 'yan sintiri da matasan layi da mai unguwa ne a gaba, a Kano da wasu jihohi har da Hisbah. Kafin motar 'yan sanda ta samu mai, an riga an ɗaure mutum da igiyar rijiya. In za a yi horo a fara da waɗannan. Abin da Sufeto da Likita suka lissafa bai fi shafi ɗaya ba, a rubuta shi da Hausa da ajami a manna a ofishin sintiri.

Likitan_Ƙwaƙwalwa
Tunda Kwamanda ya ambaci ɗauri. In ya zama dole a riƙe mutum, yadda ake yi a asibiti mutum biyar ne: ɗaya a kowace gaɓa, ɗaya a kai, kuma na kan ba abin da yake yi sai kallon fuska da numfashi. Ba a danne wuya, ba a hawa ƙirji ko gadon baya. Abin da ke kashewa shi ne a kwantar da mutum rubda ciki, hannu a ɗaure ta baya, ƙato ya ɗora gwiwa. Ya riga ya gaji da kokawa, jikinsa na neman iska ninki, ƙirjin kuma ba ya buɗewa. Yana fizge-fizgen neman numfashi, masu riƙon na ganin gardama ce su ƙara dannawa. In ya yi shiru su ce ya saduda, alhali zuciya ce ta tsaya. Mai teɓa da wanda ya sha ƙwaya sun fi saurin tafiya.

A Landan haka Olaseni Lewis, ɗan shekara 23, ya rasu a 2010 bayan 'yan sanda 11 sun danne shi a cikin asibitin ƙwaƙwalwa na Bethlem. Daga baya aka yi doka a 2018 kan amfani da ƙarfi a irin waɗannan asibitoci, ana kiranta da sunansa. Da an sa ankwa a juya mutum gefe ko a zaunar da shi nan take. A bayan a-kori-kura ma haka, a zaune, wani na kallonsa, ba a jefa shi ƙarƙashin benci ba.

Mai_Magani_Gusau
Allah ya saka Likita. Sai batun allura, don abin da dangi ke yi kenan, su kira mai kemis ya zo ya soka masa "allurar barci" ana danne da shi. Haɗin da aka gwada a Brazil da Indiya aka ga yana aiki shi ne haloperidol miligiram 5 zuwa 10 da promethazine 25 zuwa 50 a tsoka. Amma sharaɗinsa a duba numfashi da bugun jini da hawan jini duk minti 15 na aƙalla awa ɗaya. A bakin titi wa zai yi wannan? Haloperidol shi kaɗai kan murɗe wuya, ido ya kafe sama, harshe ya fito, sai dangi su ce aljanu ne suka tashi. Diazepam a tsoka ba ya shiga jini da tsari, sai a ga bai yi ba a ƙara, can cikin dare duka su taru. Lagatil kuma faɗar da jini yake, mutum ya miƙe ya zube.

A Aurora ta jihar Colorado, a 2019, ma'aikatan motar asibiti suka yi wa Elijah McClain ketamine miligiram 500 yana hannun 'yan sanda, sun ƙiyasta nauyinsa fiye da yadda yake, ya mutu. Kotu ta same su da laifi a ƙarshen 2023. Waɗannan masu takarda ne fa. Allura ta jira asibiti.

Lauya_Zazzau
Na ƙaru ƙwarai, amma ku lura kowa da "a yi asibiti" yake rufewa, wato mun dawo kan tambayata. Ta fuskar doka ɗan sanda na da madogara. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya yarda a tsare wanda hankalinsa ya taɓu, amma don a kula da shi, ko a yi masa magani, ko a kare jama'a. Sel ba magani ba ne. Sashe na 5 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana sa ankwa sai in ana tsoron tashin hankali ko gudu, ko don kare shi kansa, ko da umarnin kotu.

Abin da ke faruwa a aikace: DPO na da mutum a hannu, awa 24 da doka ta ba shi kafin ya kai mutum kotu na cika, ba asibitin da ya karɓa, dangi sun ɓace. Hanya mafi sauƙi a rubuta masa tayar da hankalin jama'a a kai shi gaban majistare, a tura shi gidan gyaran hali jiran shari'a. Can zai yi shekaru ba wanda ya tuna da fayil ɗinsa.

Ga kuma wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Sashe na 231 na kundin Final Kod na Arewa da na 327 na kundin Kudu sun mai da shi laifi, ɗaurin da ya kai shekara ɗaya. Gana ta soke nata a 2023. Muddin wannan na nan, uwa ba za ta kira lambar gaggawa ta 112 ba ko ɗanta ya sha fiya-fiya, don tana tsoron a zo da ankwa.

Bahaushen_Oregon
Barista na da gaskiya kan Memphis, kuma wannan ne ɓangaren da masu kwaikwayo ke tsallakewa. Tsarin ya tsaya ne a kan asibiti guda da ya ɗau alkawarin ba zai mayar da kowa ba, dare ko rana, ɗan sanda ya miƙa ya koma bakin aiki cikin ɗan lokaci. In kai mutum asibiti zai ci awa shida, kai shi sel kuma minti ashirin, an san wanda za a zaɓa. Bitar da aka yi wa binciken CIT ta nuna yana gyara tunanin 'yan sanda da ƙara yawan waɗanda ake kai wa magani, amma shaidar cewa ya rage kisa ko rauni ba ta da ƙarfi.

Shi ya sa wasu garuruwa suka cire ɗan sanda daga gaba. A Eugene ta jihar Oregon, a 1989 aka kafa tawagar CAHOOTS: mota ɗaya, ma'aikacin jinya ɗaya, mai kwantar da hankali ɗaya, ba bindiga. Denver ta fara nata, STAR, a Yunin 2020, a wata shida na farko suka je kira 748 ba a kama ko mutum ɗaya ba. A Yulin 2022 kuma aka buɗe 988, lambar kiran gaggawa ta lafiyar ƙwaƙwalwa, a duk ƙasar. Sai dai a sani, a Afrilun 2025 CAHOOTS ta daina aiki a cikin Eugene saboda rashin kuɗi, bayan shekara fiye da 35.

TsohonSufeto
Malam, kiran 748 ɗin nan an tace su ne tun daga ɗakin amsa waya, ba makami ba duka. Mai addar da Barista ya kawo ko a Denver 'yan sanda za a tura. A daina nuna kamar za a iya cire mu gaba ɗaya.

Uwar_Gida_Leeds
A Ingila an gwada janyewar ta wata fuska. Sashe na 136 na dokarsu ta lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ya ba ɗan sanda ikon ɗauke mutum zuwa wuri mai aminci. A ƙarshen 2017 aka rage wa'adin daga awa 72 zuwa 24, aka haramta sa wanda bai kai shekara 18 ba a sel. Daga baya rundunar Humberside ta fito da tsarin cewa ba za ta je kiran lafiyar ƙwaƙwalwa ba sai in rai na cikin haɗari ko ana aikata laifi, 'yan sandan Landan suka bi sahu a Nuwamban 2023. Ƙorafin likitocinsu shi ne an janye kafin a tanadi masu maye gurbi. Can da ke da motocin asibiti kenan.

Malamin_Asibiti
To mu sauko gida. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Arewa ana ƙirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan asibitocin koyarwa. DPO da ke ƙaramar hukuma mai nisan kilomita 200 ba zai kai kowa can ba.

Abin da zai yiwu shi ne kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya ware ɗaki ɗaya kusa da sashen gaggawa: gado biyu, ba igiya, ba fanka mai saukowa, ba gilashi, ƙofa mai buɗewa waje. Nas biyu ko uku da likitan da ke wurin su yi horon mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda dama don waɗanda ba ƙwararru ba aka tsara shi. A ajiye na'urar gwajin sukari, abin gwajin maleriya, ma'aunin zafi, da magungunan da Mai_Magani ya ambata. A ba su lambar likitan ƙwaƙwalwa da zai ɗauki waya da dare. Wajen miƙawa kuma takarda ɗaya: inda aka same shi, ƙarfe nawa, me ya faɗa, an yi kokawa ko a'a, minti nawa aka riƙe shi, akwai rauni, wa ye danginsa. Nas ta sa hannu, ɗan sanda ya sa, ya tafi.

Hajiya_Nas
Ya tafi ya bar mata ƙato mai fizge-fizge ita kaɗai da ƙarfe biyun dare? A'a Malam. A rubuta cewa zai tsaya har a gama gwajin farko mutumin ya lafa, ko da minti 30 ne. Kuma in mace ce, musamman maijego da ta birkice cikin sati biyun farko bayan haihuwa, a nemo 'yar sanda mace ko dattijuwa, a rufa mata jiki, wani kuma ya je ya duba jaririn nan take. Wannan ciwon gaggawa ne, kuma yana warkewa sarai in an yi magani.

Lauya_Zazzau
Hajiya ta yi daidai. Game da karɓa kuwa, sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa ko da wane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Matsalar ita ce a bakin ƙofa ba a lissafa birkicewar hankali a matsayin gaggawa, sai a ce a yanki kati, a kawo ɗan uwan da zai zauna jinya. Kuma ɗan sanda na tarayya ne, asibitin na jiha ne, ba mai ba wani umarni. Sai kwamishinan 'yan sanda da kwamishinan lafiya sun zauna sun sa hannu a takarda ɗaya.

Alaramma_Mai_Allo
Ku gafarce ni malamai, akwai wurin da ke karɓar mutum ƙarfe biyun dare ba kati ba tambaya, shi ne gidan mari da gidan mai ruƙiyya. Shi ya sa jama'a ke zuwa can, ba don jahilci kaɗai ba. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, aka bi da rufe wasu a Katsina da Kano. Rufewar ta dace, amma iyalan da suka kai 'ya'yansu ba a nuna musu wata ƙofar ba. Malamin kirki zai iya yin addu'arsa, ya hana duka da ɗauri, ya ce a kai asibiti. Maganarsa ta fi ta DPO shiga kunnen uba.

Likitan_Ƙwaƙwalwa
Allah ya gafarta Malam, an ma gwada. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan asibitin matakin farko a Ibadan da Kumasi, sakamakon ya fito a 2020, waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Tun 1954 ma likitan ƙwaƙwalwa Thomas Lambo ya zaunar da marasa lafiya da danginsu a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abeokuta. Sai dai alamu biyar ɗin nan na nan daram: mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba ya jiran a gama karatu.

TsohonSufeto
Kan takardar Malamin_Asibiti, ta zama biyu, ɗaya ta dawo caji ofis a shigar da ita littafin aiki. Yanzu ba wani gurbi da ake rubuta cewa kiran na taɓin hankali ne, don haka ba a san yawansu ba, balle a nemi kasafi. Sashe na 34 na dokar 2015 da Barista ya kawo ya ce majistare ya riƙa ziyartar caji ofis duk wata, to ya riƙa neman wannan shafin. Kuma a faɗa a takardar kwamishinonin nan aljihun wa man motar zai fito, in ba haka ba dangi za a ce su kawo.

Kwamandan_Sintiri
Wanda ke kwana a bola shekara biyar fa, Yallaɓai, wanda ba a san garinsu ba? Shi wa zai sa hannu a madadinsa, wa zai kai masa abinci a ɗakin mai gado biyun?